Ita Tara, Ni Huɗu

A watan da ya gabata na je suna wani ƙauye da ke gaba da Giwa, gidan taubashiyata, 'yar ƙanwar mahaifina. Wannan ita ce haihuwarta ta tara. Bakwai suna raye, biyu sun koma tun suna goye. Wata biyar ne kacal tsakanina da ita, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe a cikin birnin Zariya, kuma rana ɗaya aka riƙe hannunmu aka kai mu aji ɗaya na firamare. Muna aji biyar mahaifinta ya tattara iyalinsa ya koma gona, karatunta ya tsaya daga nan, aka ɗaura mata aure tana da shekara 15. Ni kuwa Allah Ya sa mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya ga abin da takarda take yi wa mutum a wurin aiki, ya dage sai na yi sakandare, daga nan na wuce Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta nan Zariya, ban shiga ɗakin miji ba sai da na kai shekara 24. Yau 'ya'yana huɗu, kuma ina koyarwa a wata makarantar sakandaren 'yan mata.

Ina zaune a bakin gadon mai jego, ɗakin ya cika da ƙamshin turaren wuta da tururin kunun kanwa, sai Goggo, wato mahaifiyarta, ta dube ni ta ce, “Ke kuwa 'yar nan, autanki har ya shiga makaranta, shiru muke ji?” Na ce, “Goggo, huɗun da Allah Ya ba ni nake ta fama in ga na riƙe su.” Ta kama baki ta ce, “Kul, kada in sake jin kin ƙirga su. Bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci.” Ban ƙara cewa uffan ba, domin ba a jayayya da uwa a ɗakin suna, kuma na san har cikin zuciyarta take faɗar abin da ta faɗa.

Bayan kwana biyu, a ofishin malamai, ina nuna wa wata abokiyar aikina hotunan sunan, sai wani malami da ke gefe ya tsoma baki ya ce abin da ya durƙusar da Arewa ke nan: mutum ba shi da abin da zai ci gobe, amma shekara ba ta zagayowa sai an yanka ragon suna a ƙofar gidansa. Ya ce da shi ne gwamna da ya kafa doka a kai. Maganarsa ta fi ta Goggo yi mini ciwo, domin Goggo a cikin rayuwar da take magana a kanta ta tsufa, shi kuwa daga nesa yake hangenta. Tun ranar nake juya al'amarin a raina, kuma inda na tsaya shi ne, taubashiyata ba ta gaza ni hankali ko iya lissafi ba. Abin da aka ajiye a gaban kowaccenmu ta lissafa ne ya bambanta, kuma hanyarmu ta rabu ne a ƙofar aji biyar, tun kafin maganar kuɗi ta shigo tsakaninmu.

Labarinmu mu biyu shi ne labarin ƙasar a taƙaice. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa, idan aka yi raba-daidai, macen Najeriya tana haihuwar 'ya'ya 5.3 a tsawon rayuwarta. Sai dai wannan adadi ya danne bambanci mai yawa a ƙarƙashinsa. Macen da ba ta shiga makaranta ba tana da 6.7, wadda ta tsaya a firamare 5.8, wadda ta kai sakandare 4.4, wadda ta zarce sakandare kuwa 3.4. Jihar Katsina ce a sama da 7.3, Legas a ƙasa da 3.4, mu nan Jihar Kaduna muna da 5.9. Da aka kasa gidaje kashi biyar gwargwadon abin da suka mallaka, kashin da ya fi talauci ya tashi da 6.7, wanda ya fi wadata da 3.8. Binciken da ya biyo baya a 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ƙasa baki ɗaya ya sauko zuwa 4.8. Ya kamata in faɗi cewa makarantar da ake nufi a waɗannan alƙaluma ita ce ta boko. Taubashiyata ta yi saukar Alƙur'ani, ta karanta Ahalari da Ishmawi, don haka duk wanda ya kira ta jahila ya zalunce ta. Abin da ta rasa shi ne shekarun da na yi a aji, da duk abin da shekarun nan suka jawo mini.

Kafin a zo kan makaranta, dole a fara da mutuwa, domin ita ce ta koya wa iyayenmu yadda ake kallon haihuwa. Kakata ta wajen uwa ta haifi 11, biyar suka girma. Ƙyanda ta ɗauki biyu a bazara ɗaya, sanƙarau ya ɗauki ɗaya, sauran kuwa zazzaɓi ne da gudawa, waɗanda a lokacin ba a ma tsayawa neman sunan ciwon. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Abarshi, sunayen da ake laƙaba wa 'ya'yan mai wabi, wato macen da take haihuwa suna komawa, a nuna kamar ba a damu da yaron ba ko mutuwa ta kau da kai daga gare shi. Al'ummar da ta kai ga ƙirƙirar irin waɗannan sunaye ba za ta taɓa ɗaukar 'ya'ya biyu ko uku a matsayin iyali ba, domin ta sha ganin gida mai uku ya wayi gari babu ko ɗaya. Kuma wannan bai zama tarihi ba tukuna. A binciken na 2018, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a ƙasar nan, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. Ga 'ya'yan matan da ba su yi makaranta ba adadin ya kai 170, ga 'ya'yan waɗanda suka zarce sakandare kuwa 56 ne. Ni ban taɓa binne ɗa ba, alhamdu lillahi, shi ya sa nake iya cewa huɗu da kwanciyar hankali. Taubashiyata ta ga an fita da biyu a naɗe cikin tabarma, ɗaya daga cikinsu a daren da aka rasa motar da za ta kai su asibiti cikin ruwan sama. Wanda bai ɗanɗana wannan ba bai kamata ya yi saurin cewa ta cika haihuwa ba.

Sai kuma tsufa. Ni kowane wata ana cire wani abu daga albashina ana tara mini na fansho, komai ƙanƙantarsa. Goggo ba ta da fansho, ba ta da asusu a banki, ba ta da gidan haya. Abin da take da shi 'ya'ya maza uku ne: ɗaya yana tuƙa Keke Napep tsakanin Sabon Gari da Kwangila, ɗaya yana sayar da kayan miya a kasuwa, ɗaya ya tsaya a gona. Wanda bai samu ba yau, ɗan'uwansa ya samu, kuma da haka tukunyarta ba ta kwana a kife. Idan ta ce 'ya'ya arziki ne, abin da take ci take sha take bayyanawa. Duk shawarar da za a ba 'yarta ta taƙaita haihuwa, alhali ba a nuna mata wanda zai riƙe ta idan ƙarfinta ya ƙare ba, shawara ce ta ta jefar da sandar da za ta dogara.

Haka kuma ɗa a ƙauye da ɗa a birni ba nauyi ɗaya suke ɗora wa iyaye ba. A gidan taubashiyata yaro ɗan shekara bakwai yana kora awaki kiwo, yana ɗebo ruwa, yana kai wa masu noma abinci gona. Yarinya tana ɗaukar tallan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma da cinikin tallan nan ake tara mata kayan ɗaki. Kafin ya kai 15 ya riga ya fara mayar da abin da aka kashe masa. A gidana kuwa, daga ranar da yaro ya shiga nazare har ranar da zai gama bautar ƙasa, hannu ɗaya kuɗi yake bi: kuɗin makaranta kowane zango, littattafai, kayan makaranta, kuɗin mota, kuɗin Islamiyya, sannan kuɗin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, ga hayar gida da ba ta barin mutum ya ƙara ɗaki don an ƙara ɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kai yara makaranta kaɗai ya zama abin da ni da maigida muke zama mu tattauna a farkon kowane wata. Wani masanin yawan jama'a ɗan ƙasar Ostareliya, John Caldwell, wanda ya yi bincike mai yawa a Najeriya, ya bayyana wannan tun a 1976: matuƙar dukiya daga 'ya'ya take gangarowa zuwa iyaye, yawan haihuwa shi ne hikima, ranar da ta juya ta koma gangarawa daga iyaye zuwa 'ya'ya kuwa, mutane da kansu suke ragewa ba tare da an tilasta musu ba. Kuma a ganinsa makaranta ce babban abin da ke juya wannan magudana.

Ita ma gonar ba ta nan yadda take. A shekarun 1960 masu bincike daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun yi nazarin yadda manoma ke rayuwa a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, lokacin da gandu yake da sauran ƙarfi, uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Yau Hanwa unguwa ce da gari ya haɗiye, gidajen bulo sun hau kan gonakin. A ƙauyen su taubashiyata gari bai iso ba, amma gado ya iso: gonar da kakan mijinta ya noma shi kaɗai yanzu an yanka ta gida takwas, kuma idan aka sake raba kason mijinta tsakanin 'ya'yansa, abin da kowa zai samu ba zai ciyar da shi wata uku ba. Lissafin da ya yi wa Goggo daidai ya fara ƙin yi wa jikokinta, kuma wannan ne ɓangaren maganar malamin nan da ba zan iya musantawa ba.

Inda na rabu da shi, da ma masu cewa a bari arziki ya zo haihuwa za ta ragu da kanta, shi ne a kan abin da kuɗi yake yi a ƙasar Hausa. Alƙaluman da na kawo duka mace suke ƙirgawa, nawa ta haifa. Ba su faɗi nawa namiji ya haifa ba. A unguwarmu akwai wani attajirin hatsi mai mata huɗu da 'ya'ya fiye da 30, kuma babu ɗaya daga cikin matan da ta wuce tara. A takarda kowaccensu mace ce kamar taubashiyata, amma gidan kansa ya kusa zama unguwa. Mun san yadda abin yake tafiya: idan kaka ta yi kyau, masara ko waken soya ya yi daraja, bayan an rufe ɗaki da kwano an sayi babur, abin da yake biyo baya shi ne neman aure. Wato kuɗi a hannun namiji, idan babu wani abu da ya canja, sau da yawa ƙara yawan iyali yake yi. A binciken na 2018 kusan kashi ɗaya cikin uku na matan aure a ƙasar nan suna da kishiya, kuma da aka tambayi mutane yawan 'ya'yan da suke ganin ya dace, mata sun tsaya a 6.1, maza suka kai 7.2. Shi ya sa a 2017, lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo batun dokar da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, ƙura ta tashi sosai, domin ya taɓa wurin da maza suke ganin nan ne darajarsu take.

A cikin gidan mai mata da yawa kuma akwai wani lissafin da mata suka sani, ko da ba a faɗarsa a bainar jama'a. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, tumuni ne rabon matansa, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma su huɗun ne za su raba shi. Sauran dukiyar ta 'ya'ya ce da iyayen mamaci idan suna raye. Don haka ɗakin da ya fi 'ya'ya, musamman maza, shi ne ya fi tashi da kaso mai tsoka. Ga kuma saki, wanda ya yi yawa a cikinmu har ya daina ba mutane mamaki. Mata da yawa sun yi imani cewa 'ya'ya su ne turken mace a gidan miji, mai bakwai ta fi mai biyu wuyar kora. Macen da ba ta da sana'a mai ƙarfi, ba ta da takarda, ba ta da albashi, ɗakinta da 'ya'yanta su ne dukkan jarinta. Idan kishiyarta ta haihu, ita ma sai ta ji ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarta har sai ta rama.

To, me makaranta take yi da kuɗi ba ya yi? Abu na farko mai sauƙin gani ne, wato lokaci. Shekara tara ce tsakanin aurena da auren taubashiyata, kuma a cikin shekarun nan tara ta haifi huɗu. Ko da daga ranar aurena na bi sawunta ƙafa da ƙafa, ba zan kamo ta ba. A binciken na 2018, cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19, kashi 44 cikin 100 na waɗanda ba su yi makaranta ba sun riga sun haihu ko suna da ciki, alhali a cikin waɗanda suka zarce sakandare kashi 1 ne. Akwai ma gwajin da tarihi ya yi mana da kansa. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka gina azuzuwa birjik, 'yan matan da da ba za su shiga aji ba suka shiga. Shekaru bayan haka wasu masana tattalin arziki biyu, Una Osili da Bridget Long, suka kwatanta matan da shirin ya riska da waɗanda suka riga suka wuce shekarun shiga, suka wallafa a 2008 cewa kowace shekara ɗaya da aka ƙara wa yarinya a makaranta tana rage haihuwar da za ta yi kafin shekara 25 da kimanin 0.26. A taƙaice, shekara huɗu a aji daidai take da rage haihuwa ɗaya a ƙuruciya.

Abu na biyu a nan garin aka gano shi. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafin asibitin ya koma Shika, aka wallafa sakamakon a 1985. Sun gano cewa mace-macen masu haihuwa sun taru ne a kan matan da ba su je awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, kuma haɗarin ya fi tsanani ga 'yan mata ƙanana masu cikin fari da kuma matan da suka yi haihuwa da yawa shekaru suka ja. Likita ne, amma maganin da ya fi nanatawa shi ne a sa kowa a makaranta, musamman mata. Na ga gaskiyar wannan a jikina. Na san ranar awo, na iya karanta katin rigakafi, na san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro ya fara gudawa, kuma idan ma'aikaciyar jinya ta yi mini magana sama-sama ina iya tsayar da ita in ce ta maimaita. 'Ya'yana sun rayu da ikon Allah, ta hanyar waɗannan ƙananan abubuwa, kuma rayuwarsu ce ta sa ban ji dole sai na haifi na ajiya ba.

Na uku shi ne wanda ba a iya aunawa, amma a wurina ya fi sauran nauyi. Bayan haihuwata ta uku, wadda na sha wuya a cikinta har aka ƙara mini jini, na zauna da maigida na ce, “Malam, ina so in huta shekara uku kafin wani.” Ya yi shiru, ya ce bari ya yi tunani, bayan kwana biyu ya ce mu je asibiti tare. Na tambayi taubashiyata ko ta taɓa yin irin wannan magana da mijinta, sai ta rufe fuska da gefen mayafi ta ce, “Wane ni? Da wane bakin?” Mijinta mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma ya girme ta da shekara 14, an kai ta gidansa tana yarinya, kuma ba ta taɓa zama a wurin da aka tambaye ta ra'ayinta aka saurara ba. A aji nake ganin yadda wannan baki yake buɗewa. Yarinyar da ta shigo aji ɗaya ba ta iya ɗaga ido, kafin ta kai aji shida tana tsayawa gaban 'yan'uwanta ta kare maganarta da hujja. Ita ce gobe za ta iya cewa “Malam, ina so in huta” cikin ladabi, a kuma ji ta.

Akwai wani abu da masu ɗora wa al'ada laifi suke mantawa. Kakanninmu suna da tazarar haihuwa tun kafin a buɗe asibiti ko ɗaya. Mace takan tafi gidan iyayenta goyon ciki, ta yi wankan jego a can, ta shayar da yaro shekara biyu, kuma abin kunya ne ƙwarai a ce ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki tana goyo. Tsofaffin gida ba za su bar ta ta sha ruwa ba, shi ma mijin sai ya sha gori. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, aya ta 233, kuma hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje don kauce wa ɗaukar ciki, a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malaman da na yi karatu a gabansu suna bambanta tazara saboda lafiyar uwa da ɗa, wadda suka halatta idan miji da mata sun yarda, da yanke haihuwa don tsoron talauci, wanda suke ƙi suna kafa hujja da aya ta 31 a Suratul Isra'i. Ni ma a kan wannan nake, kuma ban taɓa shakkar cewa Allah ne mai ciyarwa ba. Abin da nake gani shi ne tsohuwar tazarar ta lalace a gidaje da yawa, zaman jego a gida ya gajarce, yaye ya matso kusa, sabuwar hanyar kuma ba ta iso ba, domin matan aure 12 ne kacal cikin 100 suke amfani da hanyoyin asibiti a 2018. Mata da yawa a yau sun fi kakanninsu yin haihuwa kusa da kusa. Karin maganar nan ta haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance, na gan ta da idona a ɗakuna fiye da ɗaya.

Ƙasashen Musulmi da suka bi wannan hanya kafin mu sun ƙara mini tabbacin cewa ba sai an yi arziki ba. Bangaladash ta fito daga yaƙi a 1971 tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, mace tana haihuwar fiye da shida. Ta baza mata ma'aikatan lafiya gida-gida, sannan a 1994 ta fara biyan 'yan matan karkara tallafi don su zauna a sakandare, bisa sharaɗin zuwa aji da jinkirta aure. Zuwa 2011 adadin ya sauko 2.3. Iran, ƙarƙashin mulkin malamai, ta sauko daga fiye da shida a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan biyu a 2000, bayan ta kai makarantu da ɗakunan shan magani ƙauyuka. Ba na yi mana fatan mu wuce gona da iri. Koriya ta Kudu ta faɗo har 0.72 a 2023, ana rufe makarantu saboda babu yara, kuma ita kanta Iran daga baya ta juya tana roƙon mutane su ƙara haihuwa. Gidan da babu kukan jariri ba abin sha'awa ba ne a wurina. Abin da nake so shi ne mace ta haifi adadin da jikinta zai ɗauka, waɗanda za ta gani sun girma, kuma a ce da bakinta a cikin shawarar. A nan Zariya akwai Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ta daɗe tana tara 'yan matan ƙauyuka a ƙarƙashin kulawar mata masu jagoranci, tana koya musu karatu da rubutu tare da shawo kan iyaye su bar su su gama sakandare. Wannan ya fi kama da abin da Nana Asma'u ta yi da jajinta, wato matan da take turawa ƙauyuka su koyar da mata, da ɗalibansu 'Yan Taru, kuma ya fi kusa da magani a kan dokar da abokin aikina yake mafarkin kafawa.

Da yamma ta yi a ranar sunan, ina shirin tafiya don kada dare ya same ni a hanya, sai taubashiyata ta taso daga gado duk da hanin da ake yi mata, ta ja ni bayan rumbu inda babu kowa. Ta ce 'yarta ta biyar ta gama aji shida, tana da shekara 12, kuma malaminsu ya ce kanta yana ja. Yayyenta mata biyu duk an aurar da su kafin su kai 16, kuma har an fara yi wa uban maganar wannan. Ta riƙe hannuna ta ce, “Don Allah ki karɓe ta riƙo, ki sa ta a makarantarku. Ni ba zan iya faɗa masa ba, amma idan daga bakinki ya fito, ko daga bakin Malam, zai ji kunya.” Maigida ya je da kansa ranar Juma'ar da ta biyo baya, suka yi sallah tare, suka zauna a zaure har la'asar. Uban ya ce ya yarda zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, daga nan a sake zama. Goggo ta ɗaure mata kayanta a ɗankwali, ta sa mata ƙullin daddawa da kuka ta kawo mini, ta ce, “Ga amana nan, 'yar nan. Ban ce ki mayar mini da ita Baturiya ba.” Na ce, “In sha Allahu, Goggo, da hutu za ki gan ta.” Ranar Litinin da ta wuce na kai ta wurin tela a Tudun Wada aka gwada ta, na ce ya saki ɗinkin sosai ya kuma bar tsawo a ƙasa, domin shekara uku nake so kayan su yi mata.